Biza Mai Zurfi

A unguwar Ruwais ta birnin Jidda, idan baƙo ya tambayi gidan Na'ibi, sai a ce masa, "Wane Na'ibin? Na masallaci ko Mai Biza?" Na masallaci shi ne mai jan salla idan liman ba ya nan. Mai Biza kuwa kuku ne, bai taɓa shiga ofishin fasfo ba sai don ya bi layi kamar kowa. Yadda aka yi ya sami laƙabin, kowa yana ba da labarin da nasa gishirin. Wasu sun ce sau ashirin ya gwada abin. Ba haka ba ne, sau bakwai ne. Wasu sun ce har an kulle shi. Ko ƙofar kurkuku bai gani ba. Ga yadda abin ya kasance.

An haife shi a Mai Wurno, bakin Nilu a ƙasar Sudan, a shekarar 1930. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noman auduga na shekara ɗaya don ya haɗa guzuri, shekarar ta zama talatin, ya rasu bai ga teku ba. Na'ibi ne ya ƙarasa tafiyar a 1957, a jirgin ruwa daga Bur Sudan. Ya sauke nasa faralin, shekara ta zagayo ya yi wa mahaifinsa, sannan shi ma ya ce bari ya ɗan tsaya shekara ɗaya. Abin a jini yake.

Ya yi shekara huɗu yana wanke tukunyar wake a wani shago a Bab Makka cikin Jidda, ya yi biyar a kicin ɗin wani otal, daga nan ya shiga aikin gidajen Turawa, waɗanda a Jidda ake ce wa hawaja. A tsakanin haka ya auri Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda kakanta ya zo tun zamanin Turkawa. Hausarta rabi Larabci ce, harshenta kuma duka kaifi ne. Tana kiransa Abu Husaini gatsal, da sunan ɗansu na fari, abin da a Mai Wurno ko mahaukaciya ba ta yi. Shekara goma sha biyu bai saba ba. Duk ta kira shi haka sai ya waiwaya ya ga ko wani ya ji.

A 1969 ya kama aiki gidan wani injiniyan famfunan ruwa, Ba'amurke, mai suna Dombroski, wanda harshen Na'ibi ya mayar Ɗan Baroski. Larabcin Hawaja bai wuce kalma arba'in ba, Turancin Na'ibi bai kai haka ba, amma shekara huɗu ba su taɓa samun saɓani ba.

A watan Yunin 1973 zafin Jidda ya ishi matar Hawaja, ta kwashe yara ta koma ƙasarsu. Mako biyu bayan haka Hawaja ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Na'ibi," ya ce. "Madam, halas. Yara, halas. Ni, abinci a kamfani. Kuku..." Ya buɗe tafin hannuwansa, bai ƙarasa ba.

Ba sai ya ƙarasa ba, halas a Larabcin Jidda ita ce shi ke nan, an gama. Kamfanin Hawaja shi ne kafilin Na'ibi, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa kuma, takardar izinin zama a ƙasar, za ta ƙare ranar ƙarshe ta watan Rajab. Sabunta ta na bukatar takarda biyu: ɗaya da sa hannun Hawaja cewa har yanzu yana son kuku, ɗaya daga Umda, mai unguwa, cewa mutumin kirki ne kuma a nan yake zaune. In babu su, ko dai ya hau jirgi ya koma Bur Sudan ya bar Mastura da yara uku, ko ya zauna yana laɓe-laɓe a lunguna yana da shekara arba'in da uku.

Hawaja ya kasa kallonsa, sai ya tsaya kallon wani hoto da Madam ta yanko daga mujalla ta manna a jikin firji. Wani abinci ne kewayayye, mai katanga kamar bakin rijiya, samansa ja jawur, an ɗago yanki ɗaya wasu fararen zaruruwa suna biye da shi.

"Shikago," in ji Hawaja, ya buga ƙirji. "Garina." Ya yi ajiyar zuciya, ya haɗa Larabci da Turanci da hannu ya ce in da akwai mai iya wannan a Jidda, da bai rabu da shi ba har abada.

"Ni," in ji Na'ibi, wanda bai taɓa ganin abin ba sai a jikin firji.

Hawaja ya yi dariya, amma ya ciro hoton ya ba shi. Ya kwatanta masa da hannu: kwaɓin fulawa mai maiƙo da ɗan garin masara, a tayar da shi a gefen faranti ya zama katanga, cuku a can ƙasa, nama a kan cuku, tumatir a can sama, minti arba'in a wuta.

"Naman me?" in ji Na'ibi.

Hawaja ya yi tari, ya kalli silin, don a garinsu na alade ake sawa. "Rago," ya ce.

Ya nuna a kalanda cewa ranar Asabar, sha tara ga Rajab, za a kai takardun ma'aikata ofis. Ke nan Alhamis sha bakwai ita ce rana ta ƙarshe.

Sai maganar suna, wadda ita ce tushen komai. Sunan abincin yana farawa da harafin nan na Turawa da ake tara iska a leɓe a fasa ta, wanda babu shi a bakin Bahaushe, babu shi a bakin Balarabe. Bahaushe yana mayar da shi fa, Balarabe yana mayar da shi ba. Na'ibi ya fito daga gidan Hawaja yana cewa fiza. Da ya nuna hoton ga Ammi Salihu, mutumin Yaman mai gidan burodin unguwa, inda kowane gida yake kai farantinsa a gasa masa, sai tsohon ya gyara masa.

"Ba fiza ba, biza! Na ga Italiyawa suna ci a garin Musawwa, tsallaken teku. Amma tasu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Wannan kam sai an zura guga."

Na'ibi ya ɗauki gyaran ya kai gida. Abin da bai sani ba, Mastura ma ba ta sani ba, shi ne hatimin shiga ƙasa da ake bugawa a fasfo, wanda su biyun suka sani da ta'ashira, sababbin zuwa daga Nijeriya da Nijar biza suke ce masa, Larabawan ofis kuma fiza. Duk ta inda mutum ya bi da kalmar, rami ne a gabansa.

Bai yarda ya yi gwaji a kicin ɗin Hawaja ba, kada a ga faɗuwarsa. Juma'a ce ranar hutunsa, don haka kowace Juma'a da hantsi sai ya rufe ƙofar ɗakin girki a gida, ya jingina hoton a jikin tulu, ya jera ma'auninsa. Bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki faranti a rufe da tawul ya nufi wurin Ammi Salihu.

Juma'ar farko ya zuba yis irin awon da yake yi a gidan Hawaja mai na'urar sanyi. A gumin Ruwais kwaɓin ya kumbura, ya haura faranti, ya rufe tumatir ruf.

"Mabruk, barka da arziki," in ji Ammi Salihu da ya jawo shi daga wuta. "An naɗa wa biza rawani."

Ta biyu ya sa farin cukun nan na cikin ruwan gishiri. Bai narke ba, ya zauna gunduwa-gunduwa kamar sabulu. Akuyar maƙwabta ce ta ci, ta wuni a bakin randa. Ta uku ya sa cukun gwangwani mai ruwan ɗorawa. Shi kam ya narke har ya wuce misali, ya tsiyaye a ƙasan tanderu, hayaƙi ya shiga burodin gida tara. Daga ranar Ammi Salihu ya kafa doka: farantin Na'ibi shi ne na ƙarshe, bayan kowa ya ɗauki nasa.

A mako na huɗu ne yana kallon zaruruwan nan na hoton sai ya tuna da wani cuku na ƙuruciyarsa a Sudan, wanda ake kitsawa kamar gashi, da 'ya'yan habbatus sauda a jikinsa, wanda idan ya ji wuta yake miƙewa kamar danƙo. Ya bi ma'aikatan jirgi 'yan Sudan a bakin tasha har ya sami kitso huɗu. Ya jiƙa ɗaya gishiri ya fita, ya yanka falle-falle, ya soya niƙaƙƙen naman rago da tafarnuwa. A ranar cuku ya ja zare har tsawon kamu guda, Na'ibi ya yi hamdala a gaban tanderu. Amma ɗanyen tumatir ya saki ruwa, ƙasan ya jiƙe sharkaf. Ta biyar ya dafa tumatir ɗin sai da ya yi kauri. Wannan karon katanga ce ta rushe, jan ya malala gefe guda.

Duk wannan Mastura tana kallo. Ita ce gwanar aishu billaham a layinsu, burodin nan na mutanen Hijaz mai katanga, wanda ake cikawa da nama da ganyen albasa da markaɗaɗɗen riɗi. Katangarta ba ta taɓa faɗuwa ba.

"Ya Abu Husaini," ta ce, "wannan fa aishu billaham ne ya sa wandonsa a ka. Ba ni kwaɓin in yi maka, halas."

"Ke 'yar Jidda, wannan abincin Turawa ne. Da awo ake yinsa, ba da ka ba."

"To ai ga awon nan kwance a gefen faranti."

"Shekara bakwai ina dafa wa hawaja abinci."

"Ni kuma shekara sha biyu ina dafa wa kukun hawaja, ban ga ya rame ba."

Bai ba ta ba.

A makon ne A'i ta shigo aron turmi. Ita ce mai akuyar, tsohuwa ce daga ƙasar Katsina, gidanta kuma ba ya rabuwa da alhazan da aka gama hajji jirgi ya tashi ya bar su, wasu bisa tsautsayi, wasu bisa niyya. Ta ga ƙofar ɗakin girki a rufe, ta rage murya.

"Wai ni Mastura, me maigidanki yake yi a kulle duk Juma'a?"

"Biza yake haɗawa, Inna."

A'i ta ajiye turmin. "Biza? A gida?"

"Tun daga farko har ƙarshe, da hannunsa. Hawajansa ne ya ba shi hoto yake kwaikwaya. Irin ta Amurka ce, mai zurfi."

"La'ilaha illallahu. Tana fita kuwa?"

"Saura kaɗan. Jan ne har yanzu ba ya zama daidai, sai ya malale. Amma kada ki gaya wa kowa, ba ya so a sani sai ta yi kyau."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata."

Ta fita ta manta da turmin.

Juma'a ta shida, Na'ibi yana sauri da faranti a rufe, sai wani dogon mutum ya tare shi a lungu. Usuman ne, maɗinki daga Damagaram, ɗaya daga cikin baƙin A'i. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, hannunsa ɗaya a aljihu.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne mai biza."

Daɗi ya kama Na'ibi. "Har labari ya kai gare ku? Koyo nake yi."

"Guda ɗaya mutum nawa take ɗauka?"

"Takwas, in ba masu haɗama ba ne."

"Har da yara?"

"Yara ai sun fi kowa so."

"Tana daɗewa kuwa?"

"A zafin nan? Kwana ɗaya ta lalace."

"Kwana ɗaya dai? To ai ya isa mutum ya wuce. Me zan kawo?"

"Kawo kanka kawai, ɗan'uwa. In ta yi kyau, fisabilillahi zan ba ka."

Ya wuce ya bar Usuman yana sa masa albarka har jikoki. A ranar katanga ta tsaya, amma ta yi tauri sai ka ce tubali, Ammi Salihu ya ce a ba shi ya toshe ramin ɓera. Kitson cuku ya rage ɗaya.

Ranar Laraba, sha shida ga wata, bayan la'asar, Na'ibi ya sa farar riga ya tafi karɓar takardar Umda. Umda Abdulgani yana zaune a kan dogon bencinsa na ƙofar gida, da tiyon shisha a hannu da dattawa biyu a gefe. Mutum ne mai ƙiba da sanyin hali, ya san kowa a Ruwais har da akuyoyi. Amma yau bai ce wa Na'ibi ya zauna ba.

"Ya Na'ibi, wata magana ta zo kunnena, na ce ƙarya ne. An ce kana yin fiza a gidanka."

"Gaskiya ne, ya Umda."

Tiyon ya tsaya a hanyar baki. "Gaskiya ne?"

"Wallahi. Sau shida ke nan. Ba ta kai ta asali ba tukuna, amma in ka gan ta daga nesa ba za ka bambance ba."

Dattijon dama ya ce a'uzu billahi. Na hagu ya matsa.

"Wa ya koya maka?"

"Hawaja ne ya ba ni hoto."

"Kai kaɗai kake yi?"

"Ni nake haɗawa, Ammi Salihu yake ƙarasawa."

"Salihu mai burodi? Shekara talatin ina cin burodin mutumin nan!" Umda ya share gumi. "Kana sane da abin da kake faɗa a gaban shaidu?"

"Ai ba abin ɓoyo ba ne yanzu, ya Umda. Har baƙin gidan A'i sun fara tambaya."

Umda ya daɗe yana kallonsa, yana neman alamar hauka bai gani ba. "Saboda 'ya'yanka," ya ce, "ba zan kai maganar gaba yau ba. Gobe bayan la'asar ka kawo mini ita nan, da hoton, da Salihu. In gan ta da idona. Takarda kuwa, ka manta da ita."

Na'ibi bai ji jimlar ƙarshe da kyau ba. Ya koma gida yana murmushi, yana cewa a ransa ashe Umda ma makwaɗaici ne. Ya tarar da Mastura zaune a tsakar gida, ta rafka tagumi, a gabanta wani ƙullin zane a kwance. Fasfo ne a ciki, guda goma sha ɗaya, kowanne da hoto biyu. A'i ce ta kawo, ta ce a fara da na Usuman tunda an yi masa alkawari.

Mastura ta yi masa bayani sau biyu, da Hausa sannan da Larabci. Na'ibi ya zauna a kan turmin da A'i ta manta. Ya shiga maimaita abin da ya faɗa wa Umda, kalma bayan kalma, kowace kalma tana ƙara masa gumi.

"Na ce daga nesa ba za a bambance ba," ya ce a hankali.

"Ka kyauta."

"Na sa Ammi Salihu a ciki."

"Allah ya saka maka."

"Ke fa kika gaya wa A'i!"

"Ni na ce ka je ka yi rantsuwa a gaban Umda?"

Lissafin a fili yake: cuku ɗaya, faranti ɗaya, rana ɗaya, baki biyu. Umda bayan la'asar, Hawaja ƙarfe shida. In Umda bai gamsu ba babu takarda, in Hawaja bai ci ba babu sa hannu.

Na'ibi ya tashi ya ɗauko kwanon fulawa, ya ajiye a gabanta.

"Me zan yi da shi, ya kukun hawaja?"

"Mastura."

"Ba ni da ma'auni fa."

"Don Allah."

Washegari ta mayar wa A'i ƙullinta, ta ɗauko farantin jan ƙarfe mai zurfi da ta gada wurin kakarta. Ta kwaɓa fulawa da madara da man shanu, yis ɗan tsunkule, ta yarda da garin masara cokali biyu don kada a ce ba ta ji maganar miji ba. Ta tayar da katanga da babban yatsa, ta bar ta ta huta a cikin farantin. Na'ibi ya jera cuku, ya bi da nama, ya rufe da tumatir. Da ya je gidan burodi ya gaya wa Ammi Salihu cewa Umda yana nemansu da dalilin neman, tsohon ya zage shi da Larabcin Yaman tun daga minti na farko har na arba'in, amma bai ɗauke ido daga wutar ba.

Bayan la'asar rabin Ruwais yana ƙofar Umda. Baƙin A'i sun tsaya can baya, inda gudu zai yi sauƙi. Na'ibi ya ajiye faranti a kan benci, ya miƙa hoton, ya yaye tawul.

Katanga ta tsaya cak, ruwan zuma. Jan ya zauna a tsakiya bai malala ko'ina ba. Ƙamshi ya bi layin.

Umda ya kalli hoton, ya kalli faranti, ya sake kallon hoton. "Mene ne wannan?"

"Fiza, ya Umda."

"Biza!" in ji Ammi Salihu. "Sau nawa zan gaya maka?"

Dattijon hagu ne ya fara. Dariyar ta bi benci, ta sauka cikin taro, ta isa har baya, inda ta ɗan yi rauni. Umda ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya goge hawaye, sannan ya gyara fuska.

"Ba a yanke hukunci sai an binciki hujja. A kawo wuƙa."

Na'ibi ya yanka takwas, kamar yadda ya saba. Umda ya ɗaga yanki ɗaya, cuku ya biyo shi, ya miƙe, ya miƙe, har sai da Umda ya tashi tsaye. Ya ci, ya lumshe ido. Ya ce shari'a tana son shaidu biyu, dattawa suka ɗauki ɗaya ɗaya. Ammi Salihu ya ce shi aka ɓata wa suna, ya ɗauki nasa. Huɗu ke nan. A'i ta kutso ta ce ita ta jawo taron, ta ɗauki na biyar. Na'ibi ya hango Usuman tsaye a baya, hannu a aljihu, fuska a sanyaye. Alkawari kaya ne. Ya ɗauki na shida da kansa ya kai masa.

"Wannan ce kaɗai nake da ita, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri."

Usuman ya karɓa da hannu biyu, ya ci, ya ce, "Ai ka faɗa mini kwana ɗaya take yi. Ni ne ban gane ba."

Umda ya kalli wajen, ya ɗaga murya ya ce shi yau bai ga kowa a ƙofarsa ba sai masu cin abinci. Kafin Na'ibi ya dawo ya gama da na bakwai, don a cewarsa binciken farko an yi shi cikin gaggawa. Hannunsa yana kan hanyar na takwas.

Na'ibi bai taɓa ɗaga ido ya kalli Umda cikin ido ba tun da ya zo unguwar. Amma ya kai hannu ya riƙe wuyan hannun Umda a gaban jama'a.

"Ya Umda, ka gafarce ni. Waɗancan bakwai abinci ne. Wannan iƙamata ce."

Ya faɗi maganar Hawaja da ta ƙarfe shida a taƙaice. Umda ya kalli yankin da kewa, ya janye hannu, ya ce a miƙo masa takarda da hatimi. Ya rubuta layi huɗu, ya buga, ya miƙa.

"Yalla, ruga. In ya ƙi ci, ka dawo mini da ita."

Daga Ruwais zuwa gidan Hawaja tafiyar minti goma sha biyar ce. Na'ibi ya yi ta a tara. Ya ɗumama yankin, ya ɗora a babban farantin Madam na baƙi, inda ya zauna shi kaɗai kamar kwale-kwale a teku. Hawaja ya kalle shi, ya tambaya da hannu ina sauran.

"Gwamnati," in ji Na'ibi.

Hawaja ya yanka, ya ɗaga, zare ya biyo. Ya ci a hankali, har ya tsince ɓarɓashi da yatsa. Ya ciro ƙwayar habbatus sauda daga haƙori ya duba ta.

"Ba Shikago ba," ya ce.

Sannan Hawaja ya nuna masa ƙwayar.

"Alhamis mai zuwa, baƙar aban nan kaɗan. Kuma faranti duka. Gwamnati, a'a." Ya miƙa hannu. "Takarda."

Iƙamar ta fito ranar ashirin da bakwai ga Rajab, saura kwana uku. Na'ibi ya zauna da Ɗan Baroski har ya bar ƙasar a 1978, kowace Alhamis da faranti biyu, ɗaya na Hawaja, ɗaya na Umda, wanda ya ce binciken bai kammala ba. Kwaɓin kuwa bai sake fita daga hannun Mastura ba. Ita har ta tsufa ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, sai dai ta ce aishu billaham na Abu Husaini, shi kuma ya waiwaya ya ga ko wani ya ji.

Takardar Umda ta shiga fayil kamar kowace takarda, sai dai ita hatimi biyu gare ta. Ɗaya shuɗi ne, na ofis. Ɗayan a kusurwar ƙasa yake, sawun babban yatsan Umda, na tumatir, ja jawur, bai malale ba.